Cututtukan da Ake Ɗauka ta Hanyar Saduwa: Alamominsu, Maganinsu da Hanyoyin Kariya

Gabatarwa

Cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa su ne waɗanda ke ratsawa daga jikin wani zuwa jikin wani a lokacin jima'i. Wasu daga cikinsu kan bi ta jini, wasu kuma uwa kan ba ɗanta tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. A garuruwa da ƙauyukanmu akan haɗa yawancinsu a kira su da suna ɗaya, wato ciwon sanyi, a kuma nemi magani ɗaya a ce zai warkar da su duka. A wurin masana kiwon lafiya kuwa, ƙwayoyin cutar da ke bin wannan hanya sun haura 30, kuma kowace da irin maganin da take ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sababbin kamuwa miliyan 374 da ɗaya daga cikin cututtuka huɗu masu warkewa, a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, wato fiye da miliyan ɗaya a kowace rana. Akasarin waɗanda suka kamu ba su jin ciwon komai a jikinsu. Wannan shi ya sa cutar kan daɗe a cikin gida ba a sani ba, sai an fara ganin ɓarin ciki a kai a kai, ko rashin haihuwa, ko jariri mai ciwon ido.

Manufar wannan bayani ita ce a sanar da mazauna karkara, da hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi abu uku: a san cutar da ake fama da ita kafin a sha magani, a sha maganin har ya ƙare, a kuma yi wa miji da matansa duka magani a lokaci guda.

Cututtuka huɗu da ke warkewa sarai

Ciwon sanyi na ainihi, wanda likitoci ke kira gonoriya. A jikin namiji yakan bayyana cikin 'yan kwanaki bayan saduwa, galibi kafin mako ɗaya ya cika. Zai ji zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, sannan mugunya fara ko rawaya ta riƙa fita daga mazakutarsa. Idan aka bar ta, takan sauka zuwa 'ya'yan maraina su kumbura, kuma daga baya hanyar fitsari kan tsuke. A jikin mace sau da yawa ba ta nuna alama, ko kuma alamar ta zama 'yar kaɗan, kamar ƙaruwar ruwan gaba ko ciwon mara.

Kilamidiya. Alamominta na kama da na gonoriya, sai dai sun fi sauƙi, kuma mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba su san suna da ita ba. Sau da yawa ana samun ta tare da gonoriya a jikin mutum ɗaya, shi ya sa ma'aikatan lafiya kan ba da maganin duka biyun a tare. Tana cikin manyan dalilan toshewar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa.

Tirikomonas. Ita ce ta fi sauran ukun yawa a duniya, domin a ƙiyasin 2020 mutum miliyan 156 ne suka kamu da ita. Tana sa mace zubar ruwa mai yawa, mai kumfa da wari, tare da ƙaiƙayi. Maza kan ɗauke ta ba tare da wata alama ba, su riƙa mayar wa matansu bayan matan sun yi magani.

Tunjere. Wannan tsohuwar cuta ce da iyaye da kakanni suka sani, kuma tana tafiya mataki-mataki. Kimanin mako uku bayan kamuwa wani gyambo kan fito a al'aura, ko a baki, ko a dubura. Gyambon ba ya zafi, kuma yakan warke da kansa cikin mako uku zuwa shida, sai mutum ya ɗauka ya rabu da cutar. Bayan wasu makonni ko watanni sai ƙuraje su feso a jiki, har da tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba ƙaiƙayi, tare da zazzaɓi da kaluluwa. Su ma sukan ɓace. Daga nan cutar kan kwanta shiru shekara da shekaru, sannan a jikin wasu ta taɓa zuciya, da jijiyoyi, da ido, da ƙwaƙwalwa. Gwajin jini ne ke gano ta a lokacin da take kwance.

Cututtuka huɗu da ake danne su ko a yi musu rigakafi

Hapis. Tana fitowa a matsayin ƙananan ƙuraje masu ruwa a al'aura, su fashe su zama gyambo mai zafi, su warke, bayan wani lokaci su sake dawowa. Ƙwayar ba ta barin jiki, amma akwai maganin da ke rage zafin da yawan dawowarta.

Ƙwayar HPV. Tana da nau'i da yawa. Wasu na sa tsiro a al'aura, wasu kuma ba su nuna komai sai bayan shekaru su haifar da sankarar bakin mahaifa. Nau'i na 16 da na 18 su ke jawo kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. A Nijeriya, a shekarar 2020, an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu da sankarar bakin mahaifa, 8,000 kuma sun rasu sanadiyyarta. Jikin yawancin mutane kan kawar da ƙwayar da kansa, kuma akwai allurar rigakafinta.

Ciwon hanta nau'in B. Yana bi ta saduwa, ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri. Babban binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya na ɗauke da shi. Babban da ya kamu yawanci jikinsa kan kore cutar, amma jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma sukan zauna da ita, kuma tana iya kai su ga ƙeƙashewar hanta ko sankarar hanta idan sun girma. Shi ma yana da allurar rigakafi.

Ƙwayar HIV, mai jawo ƙanjamau. Tana karya garkuwar jiki sannu a hankali, kuma mutum kan yi shekaru da ita yana ƙoshin lafiya a ido. An ba da rahoton farko na ƙanjamau a Nijeriya a 1986. Binciken 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar, kuma an ƙiyasta yawan masu ita a ƙasar da kimanin miliyan 1.9. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kasance kashi 0.6. Wanda ke da gyambo ko kumburi a al'aura saboda wata cutar saduwa ya fi saurin ɗaukar HIV, ya kuma fi saurin ba wani. Saboda haka maganin sauran cututtukan da wuri kariya ce daga ƙanjamau.

Abubuwan da ake kira sanyi alhali ba saduwa ke kawo su ba

Ba kowane ruwa ko ƙaiƙayi a gaban mace ke nufin cutar saduwa ba. Lafiyayyar mace tana da ruwa fari ko garai-garai marar wari, wanda ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon kwanakin al'adarta. Akwai kuma ƙaiƙayin da ke zuwa da farin abu mai kauri kamar kindirmo, wanda ya fi samun masu juna biyu, da masu ciwon suga, da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haka nan akwai ruwa mai ƙarni da ke biyo bayan yawan wanke cikin farji da sabulu ko cusa haɗe-haɗen matsi. Waɗannan kan sami matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, har ma da budurwa, kuma bai kamata su zama dalilin zargi ba.

Tsargiya ma, wadda ake ɗauka wajen wanka ko wanki a tafki, kududdufi da magudanan ruwan noman rani, tana sa fitsarin jini, kuma a jikin mace tana iya sa ciwon mara da zubar jini bayan saduwa. Maganinta daban ne. Wanda ke zaune kusa da madatsar ruwa ko fadama ya gaya wa ma'aikacin lafiya haka.

Sannan ya kamata a sani cewa ba a ɗaukar gonoriya, tunjere ko HIV ta hanyar shiga masai ɗaya, ko buta, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko cizon sauro. Tsallake fitsarin wani ko zama inda ya tashi ba ya kawo su.

Alamomin da ke wajabta zuwa asibiti

Namiji ko mace su je asibiti mafi kusa idan suka ga ɗaya daga cikin waɗannan: fitar mugunya ko ruwan da ya sauya launi ko wari, zafi wajen fitsari, gyambo, ƙuraje ko tsiro a al'aura, ko da ba su zafi, kaluluwa a matsematsi, kumburin maraina, ciwon mara, musamman tare da zazzaɓi, zafi ko zubar jini wajen saduwa. Haka kuma duk wanda aka gaya masa abokin zamansa na da cutar, ya je ko da shi ba ya jin komai.

Akwai halin da ba a jiran gari ya waye. Macen da al'adarta ta yi jinkiri sannan ta ji matsanancin ciwon mara da jiri ko suma, a gaggauta kai ta babban asibiti, domin mai yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa. Jaririn da idanunsa suka kumbura suna fitar da mugunya a kwanakin farko na haihuwa, a kai shi asibiti a ranar, domin gonoriyar ido na iya makantar da shi cikin ɗan lokaci. Kada a ɗiga masa nono ko a sa masa kwalli a zauna jira.

Abin da jinkiri ke jawowa

Mata da jarirai su suka fi ɗanɗana kuɗar waɗannan cututtuka. Gonoriya da kilamidiya idan suka haura daga bakin mahaifa zuwa ciki sukan bar tabo a hanyar ƙwai. Tabon kan toshe hanyar, mace ta daina ɗaukar ciki, ko cikin ya tsaya a hanya ya fashe, wanda kan iya zama ajalinta. Mata da yawa da suka haihu sau ɗaya ko biyu haihuwar ta tsaya, wannan ne dalili, sai a yi ta danganta abin da iska ko sammu ko kishiya, a kashe dukiya wajen neman magani, wani lokaci har aure ya mutu. Shi ma namiji kumburin maraina na iya rage masa ƙarfin haihuwa.

Tunjere a jikin mai juna biyu na jawo ɓari, da haihuwar ɗa ba rai, da bakwaini, da mutuwar jariri a kwanakin farko. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 mata masu ciki miliyan 1.1 ne ke ɗauke da tunjere, kuma an sami mummunan sakamako a haihuwa fiye da 390,000. Alhali gwajin ɗigon jini ne, maganin kuma allura ce mai araha.

Yadda ake magani

A yawancin ƙananan asibitocin karkara babu ɗakin gwaji da zai bambance kowace ƙwaya. Saboda haka an horar da ma'aikatan lafiya su yi tambayoyi, su duba mai ciwon, sannan su ba da haɗin magungunan da ke kashe ƙwayoyin da aka san suna kawo irin alamar da suka gani. Wannan tsari na bukatar mai ciwo ya faɗi gaskiya: yaushe abin ya fara, wane magani ya riga ya sha, mata nawa gare shi, kuma idan mace ce, ko tana da ciki. Sirrin mai ciwo amana ce a wuyan ma'aikacin lafiya. HIV, tunjere da ciwon hanta kuwa ana gwada su da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin rabin awa ko ƙasa da haka.

Ana maganin gonoriya da allura guda ta seftiriyazon. Kilamidiya kuma ana shan doksisaikilin sau biyu a rana har kwana bakwai, amma mai juna biyu ba ta shan wannan, akwai wanda ake ba ta a madadinsa. Tirikomonas na jin metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Tunjere sabuwar kamu allura ɗaya ce ta finisilin mai daɗewa a jiki. Idan ta daɗe, ko ba a san lokacin da aka kamu ba, sai a yi allura uku, ɗaya a kowane mako. Wanda finisilin ya taɓa yi wa illa ya faɗa kafin a yi masa. An ambaci waɗannan sunaye ne domin jama'a su gane abin da ake ba su. Zaɓen magani da awonsa aikin ma'aikacin lafiya ne.

Wajibi ne mai shan magani ya kiyaye abubuwa huɗu. Ya shanye maganin duka ko da alamar ta ɓace a kwana na biyu. Kada ya raba shi da wani. Ya ƙaurace wa saduwa har kwana bakwai bayan fara magani, kuma har shi da iyalinsa sun kammala nasu, alamun sun ɓace. Ya koma asibiti idan bai ga sauƙi ba bayan mako ɗaya.

Babbar matsalar da ake fuskanta ita ce sayen kafso biyu ko uku a kyamis ko wajen masu talla a kasuwa, a haɗiye, mugunyar ta ragu, a ce an warke. Ƙwayar da ba ta mutu ba takan saba da maganin. Ta haka ne gonoriya ta daina jin finisilin, da tetirasaikilin, da sifurofulokzasin a ƙasashe da yawa, har ma an fara samun wadda ke bijire wa seftiriyazon a wasu sassan duniya. Haka kuma jiƙe-jiƙe da garin magani da ake tallatawa da lasifika a ranar kasuwa da sunan maganin sanyi kowane iri, ɓacewar alama bayan shan su ba hujja ba ce ta warkewa, tunda gyambon tunjere da ƙurajen hapis da kansu suke ɓacewa.

Game da HIV, har yanzu ba a sami maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki ba, amma akwai mai danne ta, kuma ga mafi yawan manya ƙwaya ɗaya ce a rana. Tun 2006 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi kyauta a cibiyoyin da aka keɓe. Ana fara shi da zarar an tabbatar da cutar, ba a jiran mutum ya kwanta. Wanda ya riƙe maganinsa kullum har gwaji ya nuna ƙwayar ta yi ƙasa ta yadda ba a iya ganin ta a jini, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa, yana noma da kasuwancinsa, yana haifar 'ya'ya masu lafiya. Daina shan maganin saboda an ji sauƙi, ko saboda wani ya ce ya warkar da mutum, yana dawo da cutar da ƙarfinta.

Maganin gida duka a lokaci guda

Idan aka yi wa mace magani aka bar mijinta, za ta sake kamuwa a kwanan girkinta na gaba. Idan maigida na da mata biyu, uku ko huɗu, cutar kan zagaya ɗaki-ɗaki, a warkar da wannan ta dawo daga waccan. Wannan shi ne dalilin da ya sa mata da yawa ke cewa sun yi shekaru suna maganin sanyi ba ya jin magani. Ƙa'ida ita ce, idan an sami gonoriya, kilamidiya, tirikomonas ko tunjere a jikin mutum ɗaya, a duba miji da matansa duka, a yi musu magani a mako guda, da mai alama da marar alama.

Nauyin wannan ya fi rataya a wuyan maigida, domin shi ke ba da izinin fita, shi ke biyan kuɗin mota da na magani. Samun cutar a gida ba ya nuna wanda ya kawo ta ko lokacin da ta shigo, tunda tana iya kwanciya a jiki tun daga auren baya. Matar da ke tsoron gaya wa mijinta ta sanar da ma'aikaciyar lafiya, domin a gayyato shi a yi musu bayani tare.

Mata masu juna biyu da jarirai

Kowace mai ciki ta fara zuwa awo da wuri, tun a watanni ukun farko, ta kuma nemi a gwada ta HIV, tunjere da ciwon hanta nau'in B. Idan aka sami tunjere, allurar finisilin na warkar da uwa ta kuma kare ɗan da ke cikinta, kuma gwargwadon saurin yin ta gwargwadon amfaninta. Idan HIV ce, ba tare da magani ba kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jarirai kan kamu. Da magani a lokacin ciki, haihuwa da shayarwa, adadin kan sauko ƙasa da kashi 5. Shi ma jaririn ana ba shi nasa maganin bayan haihuwa, a kuma gwada shi a lokutan da asibiti ta tsara.

Allurar rigakafin ciwon hanta ta farko ana son a yi wa jariri ita cikin awa 24 da haihuwa, sannan a ci gaba da sauran allurai a mako na 6, na 10 da na 14. Al'adar jira sai bayan suna ko bayan arba'in na sa a rasa wannan dama. Idan an haihu a gida, ungozoma da dangi su tabbatar an kai jaririn asibiti a ranar, inda kuma za a duba idanunsa.

Hanyoyin kariya

Kame kai kafin aure, da tsayawar ma'aurata a kan junansu bayan an tabbatar da lafiyarsu, su ne kariya mafi ƙarfi. Gwaji kafin ɗaurin aure ya shafi saurayi da budurwa, bazawara da mai ƙarin aure, har da wanda zai mayar da matarsa bayan rabuwa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin HIV, ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin aure. Amfanin gwajin na tabbata ne idan an yi shi a asibitin da aka amince da shi, kuma ba a sayi takardar bogi ba. A lura cewa HIV sabuwar kamu kan ɗauki har wata uku kafin gwajin gaggawa ya nuna ta, don haka wanda ke da shakku ya maimaita bayan wannan lokaci.

Kwaroron roba, idan aka yi amfani da shi daidai tun daga farkon saduwa har ƙarshe, yana kare HIV, gonoriya, kilamidiya da tirikomonas sosai. Kariyarsa daga tunjere, hapis da HPV ba ta kai haka ba, domin gyambon na iya kasancewa inda robar ba ta rufe ba. Ana amfani da shi sau ɗaya, ba a shafa masa man shafawa ko man gyaɗa, ba a kuma ajiye shi a rana. Allurar tazarar haihuwa da ƙwayoyinta ba su kare cutar saduwa.

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Nijeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin alluran rigakafi, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta, kuma a 2024 aka kai ta sauran jihohi. Ana yin ta a wannan shekaru ne domin ta fi aiki kafin yarinya ta yi aure. Ba ta hana haihuwa. Matan da suka kai shekara 30 kuma ana shawartarsu su je a duba bakin mahaifarsu, masu HIV tun daga shekara 25.

Kaciyar maza, wadda al'ada ce a wurinmu, bincike a Afirka ta Kudu, Kenya da Yuganda ya nuna tana rage haɗarin namiji ya ɗauki HIV daga mace da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Ragi ne kawai, mai kaciya ma yana kamuwa. Kuma wajen yin kaciyar, da aski, da ƙaho, da tsaga, da yankan farce, wanzami ya yi wa kowa da sabuwar reza ko kayan da aka tafasa sosai, domin ciwon hanta da HIV na bin jinin da ya rage a jikin aska. Haka nan kada a yarda a yi wa mutum allura da sirinjin da aka yi wa wani, kuma kada a ƙara jinin da ba a gwada ba.

Wanda aka yi wa fyaɗe, mace ko namiji, yaro ko babba, a kai shi asibiti nan take. Akwai maganin da ke hana HIV kama jiki idan aka fara shi kafin awa 72 su cika, ana shan sa kwana 28, tare da maganin sauran cututtukan. Ɓoye lamarin don gudun abin kunya na sa wannan lokaci ya wuce. Har ila yau akwai maganin kariya da ake ba wanda mijinta ko matarsa ke da HIV alhali shi ba shi da ita.

Abin da ake bukata daga shugabanni da jami'ai

Hakimai, dagatai da masu unguwanni su yi amfani da tarukan gari wajen jan hankalin magidanta su bar matansu zuwa awo, su kuma raka su idan an bukace su. Limamai da masu ɗaura aure su tambayi takardar gwaji cikin sirri da mutunci, ba a bainar jama'a ba. A garuruwan da matasa ke tafiya cin rani, da masu manyan kasuwanni, tashoshin mota da wuraren haƙar ma'adinai, a riƙa tunatar da matafiya su yi gwaji idan sun dawo gida.

Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su lura da abubuwan da kan hana mutane zuwa asibiti. Ya kamata kowane asibiti ya sami ɗaki ko labulen da za a yi magana ba wanda ke ji, da ma'aikaciya mace da za ta duba mata. A riƙa bibiyar kayan gwajin HIV da tunjere da allurar finisilin kada su yanke, domin mai cikin da aka gwada aka ce ta dawo wani mako sau da yawa ba ta dawowa. A tabbatar firjin allurar rigakafi na aiki. A jawo masu kyamis, wanzamai da ungozomomi a jiki, a koya musu alamomin da za su tura mutum asibiti, a kuma kai rahoton masu sayar da jabun magunguna ga hukumar NAFDAC. Kwamitocin raya mazaɓu na iya taimakawa da shirya abin hawa domin masu bukatar gaggawa.

Dokar Tarayya ta 2014 ta haramta nuna wariya ga masu ɗauke da HIV a wurin aiki, makaranta da asibiti, ta kuma hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba. Ma'aikacin da ya fallasa sirrin mai ciwo ɗaya ya kori mutane da yawa daga asibitin, domin a ƙauye labari ba ya kwana.

Kammalawa

Huɗu daga cikin waɗannan cututtuka na warkewa cikin kwanaki ko 'yan makonni, biyu na da allurar rigakafi, sauran kuma ana danne su mutum ya ci gaba da harkokinsa. Ana kira ga jama'a da su je asibiti da zarar sun ga alama, su shanye maganin da aka ba su, su kawo iyalansu a duba su tare, su kuma kai mata masu ciki awo da jarirai rigakafi a kan lokaci. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi asibiti mafi kusa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma.